Wasiƙar Babbar Sallah daga Liyon zuwa gidanmu na Yelwa, Garwa

Assalamu alaikum Baba, Inna, da duk mutanen gida.

Barkanmu da Sallah. Allah ya maimaita mana, ya karɓi layyar Baba, ya kai haske kabarin Kaka. Ina nan lafiya ƙalau, kada Inna ta sa komai a ranta.

Mun yi idi da safe a babban masallacin Liyon. Jama'a maƙil, yawanci Larabawan Aljeriya da Maroko, sai 'yan Senegal da Mali da Turkawa. Na sa shaddar nan da Kawu ya ba da aka ɗinka mini, har wani dattijo ya tare ni yana tambayar inda aka yi aikin wuyan. Ana sallamewa kowa ya nufi jirgin ƙarƙashin ƙasa, don yau ba hutu a Faransa, shaguna a buɗe, yara na lekol. Ba algaita, ba doki ko ɗaya, ni kuwa raina yana ƙofar fadar Lamiɗo.

Nan doka ta hana yanka a gida, sai a mayankar da hukuma ta amince da ita. Mutum zai biya mahauci, naman ya iso a kwali, wani sai gobe ko jibi. Nama dai nama ne, amma hantar fa, Inna? Ita ce ta tsaya mini a rai tun asuba. Baba ba ya sa komai a baki sai an dawo idi, an yanka, an feɗe, a ciro hantar da ɗuminta, ki gasa ta a garwashin murhun baya, ki barbaɗa yajin da kika daka tun shekaranjiya mai citta da kanumfari. Baba ya fara, sannan ya yanka mana da wuƙarsa, ƙanana kafin manya. Hantar da ta kwana a firji ba ta yin wannan zaƙin. Na sayi busasshiyar yakuwa a shagunan 'yan Afirka na unguwar Giyotiyar, na yi miya da tuwon shinkafa, na ci na ƙoshi, amma ba abin da nake nema ke nan ba.

Da kewa ta yi yawa sai na buɗe kwamfuta na yi muku goron Sallah da sana'ata. Yana wayar Adda, bidiyo ne gajere. Baba ya sha tambayata wai wane irin aiki ne montaj, wato haɗa bidiyo da tsara shi, to ga shi yau zai gani da idonsa.

In kuna kallon labarai a CRTV, kun san rubutun da ke fitowa ƙasan mutum da sunansa da muƙaminsa. Wani ne ke zama ya tsara shi. Ɗan ofishin da nake ciki irin wannan muke yi wa masu talla da masu fim, da manhajar DaVinci Resolve, a sashenta da ake kira Fusion, inda ake ɗora rubutu a kan hoto mai motsi. Bidiyon nan Turai hotuna 25 ne ke wucewa a daƙiƙa guda. "Barka da Sallah" haruffa 13 ne, da gurabe biyu na tsakani sun zama 15, don manhajar tana ƙirga gurbi tamkar harafi. Sai in kafa alama a hoton farko in ce kada komai ya bayyana, in kafa wata a hoto na 75 in ce duka su fito. Daƙiƙa 3 ke nan, kowane harafi ya samu hoto 5, kwamfuta ta cike tsakanin da kanta. Haruffan suna zaune a wurarensu tun farko, ɓoye su kawai aka yi, shi ya sa layin ba ya rawa yayin da yake cika. Akwai kuma hanyar da kowane harafi zai taso a hankali daga duhu, na bayansa ya ɗan jira shi sannan ya biyo. Ita na fi so, ta fi kama da hannun Malam in yana rubuta mana allo, baƙi bayan baƙi, tawada ba ta bushe ba.

Gwanintar duk a lokacin take. In ya yi sauri ido ba ya kamawa, in ya yi nawa mai kallo ya riga ya karance ya ƙosa. Sunan Inna na ba shi lokaci fiye da na kowa, da gangan na yi.

Abu biyu sun ci mini lokaci. Yawancin salon rubutun da ke kwamfutocin nan ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ɗan akwati ya fito a gurbinsu. Na ɗauko Noto Sans, kyauta ne kuma yana da su duka, don ban yarda a rubuta gaisuwarmu ba ƙugiya ba. Na biyu addu'ar Larabci da na sa domin Baba. Baƙaƙen Larabci a sarƙe suke, kamanninsu na sauyawa da abin da ke gaba da bayansu, in aka fito da su ɗai-ɗai sai su yi ta tsalle. Sai na rubuta layin cikakke, na rufe shi, ina janye murfin daga dama zuwa hagu. Baba ya duba mini ko wasullan sun zauna daidai.

Auta, tunda kana son wannan harka, manhajar tana da ta kyauta, sai dai tana son kwamfuta mai ƙarfi. Ka gama jarrabawarka tukuna, in na zo mu zauna in nuna maka. A wannan garin ma aka ɗauki ɗaya daga cikin finafinan farko na duniya: 'yan'uwa biyu, su Lumiyar, a 1895 suka ɗauki ma'aikata suna fitowa daga masana'antarsu, gidan nasu yana nan ana shiga kallo.

A gaida Goggo ƙwarai da gaske. A ce mata ina shafa man da ta ba ni, hular sanyin ma na sa ta har ta koɗe, kuma ban manta da alkawarin tabarau ba, ta aiko da takardar likitan ido. Yaya ƙafar tata da wannan damina? Kada a bar ta ta tsaya kan suyar nama har dare, akwai yara. A gaida Kawu da iyalinsa, da Bappa, da Hamma da amarya. Adda, ke kam kin san naki daban ne, ki sumbaci 'yan biyu, ki saya musu alewa a cikin abin da na turo, sauran a raba wa yaran maƙwabta barka da Sallah. A gaida Malam da almajiransa, da mai shayin bakin layi, da abokaina na majalisa masu musun ƙwallon Coton Sport. Mutanen Pitowa in sun shigo gobe a ce ina gaishe su.

Adda, a matsayin fayil na turo bidiyon don WhatsApp kada ya matse shi rubutun ya dushe, sai ki sauke shi inda intanet ke da ƙarfi. Ki karanta wa Goggo sunayen yayin da suke fitowa. In an samu mai tahowa ta Yawunde, a ƙulla mini yaji da kilishi.

Wassalam, ɗanku mai kewarku.