Ga ɗalibai masu son binciken zuma

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina jan hankalin 'ya'yanmu na Zango masu karatun haɗa magunguna a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST) da ke Kumasi, waɗanda ke son binciken zuma: kada ku ɗauki ta kwalba a kasuwa, ba ku san furen da ƙudan ya tsotsa ba, wata ma an sirka ta da sukari. Ku je gindin amya, ku tace saƙar a sanyi. Dafawa tana kashe sinadarin da ke samar da haidirojin feroksaid, mai yaƙar ƙwayoyin cuta a miki. Haske ma yana raunana shi, sai a ajiye a duhu.

Ku auna ruwan cikinta. In ya haura kashi 20 cikin 100, za ta yi tsami, ta taso da kumfa, aikin ya ɓaci.

Jariri kuwa, ko ɗigo kada a lasa masa sai ya cika shekara.

Mai karatu,
Asawase, Kumasi