Wasiƙa daga Melbon: mun ɗauko tsoho

Melbon, Oktoba 2024

Sarkin gardama,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da amarya, wadda har yau amarya muke ce mata bayan yara huɗu. Ya jikin Hajiya? Ka gaishe min da ita sosai, ka ce mata maganin ƙafar yana nan tafe. Na san laifina, ba sai ka ƙirga min watannin ba. Saƙonka na murya mai minti tara na saurare shi a cikin tarago mai lamba 57 ina komawa gida, na yi dariya har wata mata ta canza kujera. Tambayar da ka yi a ƙarshensa zan amsa, amma bari in fara sauke abin da ya cika min ciki, don a nan babu wanda zan yi wa wannan ƙorafin da Hausa. Maman yara ta ce in na sake ambaton ƙwallo a kan abinci za ta kai min kwanona baranda.

Ƙungiyarmu ta ƙwallon Ostireliya, mai buga gasar AFL, ta ɗauko tsoho. North Melbourne, wadda kake kira 'yan tsalle-tsalle saboda kangaru, ta je har Perth ta ɗauko wani ɗan wasan gaba mai suna Jack Darling daga ƙungiyar West Coast. Shekararsa 32. Kuma ka san su nan ba sa yanke shekaru, in an ce 32 to 32 ɗin ce, ba irin taka ba da ka shekara shida kana 19 a gasar unguwa har sai da gemu ya tona maka asiri. Ba shi kaɗai ba ma, an haɗo da Luke Parker daga Sydney, shi ma haihuwar 1992, sai Caleb Daniel daga Western Bulldogs. Amma Darling ne ya hana ni barci.

Na san za ka ce me ya haɗa ɗan Fagge da ƙwallon da ta yi kama da gwanda. Unguwa ce ta jawo min. Filin atisayensu na Arden Street tafiyar minti goma ce daga gidana a ƙafa, babban yarona kuma ya dawo daga makaranta wata rana da riga mai ratsin shuɗi da fari, shi ke nan aka gama da ni. Da a ce wata unguwa na sauka da yanzu ina cikin masu murna. Ƙungiyar nan rabonta da kofi tun 1999. A 2021 ita ce ta ƙarshe, a 2022 ita ce ta ƙarshe da nasara biyu kacal a kaka guda, bara nasara uku, bana ma uku. Cikin ƙungiyoyi 18 mu ne na 17. Kai da kake kuka da Arsenal, ka zo ka ga inda ake kuka na gaskiya.

Abin da ya fara ba ni haushi shi ne, shekara huɗu ana ce mana a yi haƙuri, yara ake tarawa. Tsarinsu daban yake da namu. Ba a sayen ɗan wasa da kuɗi daga wata ƙungiya. Duk watan Nuwamba ana jera yara 'yan shekara 18 na ƙasar gaba ɗaya, ƙungiyar da ta zo ƙarshe ita ke fara zaɓa, haka har a kai kan mai kofi. Wato faɗuwa ma tana da lada. In kana son ɗan wasan wata ƙungiya, sai ka ba su lambar zaɓenka a madadinsa, kamar musayar akuya da buhun gero. Ga kuma iyaka kan jimillar albashin da kowace ƙungiya za ta biya, don haka babu wani attajirin da zai zo ya kwashe kowa. Da wannan hanya muka samu yara irin su Harry Sheezel, wanda aka ba kyautar matashin da ya fi fice a 2023. To ana cikin wannan sai a ce an ɗauko mai shekara 32? Na ce wannan ai fafe gora ne ranar tafiya, kuma goran ma tsoho.

Ranar da labarin ya fito na tarar da tsohuwar nan maƙwabciyata tana ba furanninta ruwa, wadda na ba ka labarin tana saƙa wa yara hular sanyi. Ita tana filin wasa a 1975 ranar da North ta ɗauki kofinta na farko, kuma ba ta gajiya da faɗa. Na zazzage mata haushina. Ta bar ni na gama tas, sannan ta tambaye ni ko na tuna wasan da muka je tare a Marvel Stadium cikin hunturu. Na tuna mana. Muna zaune bayan turaku, can sama. Duk lokacin da yaranmu suka samu ƙwallo a tsakiya, ba sa duban kowa, sai su ɗaga ta sama su jefa a kan Nick Larkey, babban ɗan wasan gabanmu. Shi kuma yana tsaye, mutum ɗaya ya riƙe masa gaba, ɗaya a bayansa, na uku ya taho da gudu ya naushe ƙwallon. Haka aka yi ta yi har aka tashi. Na ga lokacin da ya tsaya ya dafa gwiwoyinsa, ya ɗaga kai yana kallon rufin filin kamar mai neman agaji daga can. Yarona ya cusa fuska cikin gyalensa, ya ce min sanyi ne ke sa masa hawaye. Wannan Larkey ɗin fa a 2023 ƙwallo 71 ya ci a ƙungiyar da ta yi nasara sau uku rak.

Tsohuwa ta ce to wa zai ɗauke masa mutum na biyun? Yaro ɗan 19? A wasan nan ɗan gaba dogo ba ya nuna da wuri. Sai ya kai 24 ko 25 kafin ƙirjinsa ya cika ya iya ture ƙato ya cafke ƙwallo a sama, domin cafkar ita ce komai: in ka cafke ta daga bugun da ya yi nisa, alƙali zai busa, a ja baya a bar ka ka buga ba mai taɓa ka. Ta shige tsakanin dogayen turaku biyu na tsakiya, maki shida, ta kauce gefe, maki ɗaya. Darling ya yi wa West Coast wasa 298, ya ci sama da ƙwallo 500, yana cikin waɗanda suka ɗauki kofin 2018 da suka doke Collingwood da maki biyar. Ko ƙafarsa ta yi nauyi, babu mai tsaron bayan da zai bar shi shi kaɗai ya tafi taya wani. Kuma abin da muka bayar a kansa lambar zaɓe ce ta can ƙasa, ta sittin da wani abu, irin wadda sau da yawa yaron da aka ɗauka da ita ba ya ko buga wasa goma.

Na yi shiru. Ka san ba na son a kayar da ni a gardama, balle a bakin ƙofata. Sai na jawo mata cewa ai mutumin nan ya shahara da sakin ƙwallo daga ƙirji a ranar da ta fi kowace rana, ya yi a wasan ƙarshe na ɗaukar kofi a 2015, ya kuma maimaita dab da tashi a 2018 a bakin turaku, Allah ne ya rufa masa asiri suka ci. Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, ɗana, bari mu kai wasan ƙarshen tukuna, sai ya saki duk abin da yake so.

Af, kafin in manta. Da gaske ne mai shayin bakin masallaci ya ƙara aure? Ƙanena ya faɗa min amma ka san shi da ƙarin gishiri. In gaskiya ne, ashe bashin da muke binsa na madara tun zamanin makaranta ya tafi lefe. Kuma wa ya ba ka shawarar aske gashin baki? Na ga hoton sunan. Ka yi kama da ɗan sandan da aka kora.

To na koma gida na yi ta juya maganar, sai misalai suka yi ta zuwa min, wasu suna goyon bayanta wasu suna goyon bayana. 'Yan ƙungiyar Geelong su ne gwanayen wannan harka. A ƙarshen 2009 suka ɗauki wani James Podsiadly yana da shekara 28, mutumin da ya daɗe a ƙaramar gasa kowa ya ɗauka lokacinsa ya wuce. Ya tsaya a gaba, ya sha duka, wani saurayi mai suna Tom Hawkins yana girma a inuwarsa ana ta zaginsa wai ba zai yi komai ba. Ranar wasan ƙarshe na 2011 kafaɗar Podsiadly ta goce aka fitar da shi, yaron nan ya tashi ya riƙe gaban shi kaɗai, suka doke Collingwood. Wannan Hawkins ɗin bana ya yi ritaya da ƙwallo kusan 800. Su dai Geelong ɗin a ƙarshen 2020 suka zubar da lambobin zagayen farko har uku don su karɓo Jeremy Cameron, ana ta yi musu dariya wai gidan tsofaffi, sai ga shi a 2022 sun ɗauki kofi da tazarar maki 81. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji mutanenmu, kuma Brisbane ma shaida ce: sun ɗauko Joe Daniher daga Essendon yana fama da rauni, watan jiya ya taya su lallasa Sydney da maki 60, bayan 'yan kwanaki ya ajiye takalmi yana ɗan 30, ya yi tafiyarsa.

Amma zumar wani lokacin tsada gare ta. Sydney ta ba Lance Franklin kwantiragin shekara tara kan dalar Ostireliya miliyan goma a 2013. Ya cika musu fili, ya ci ƙwallonsa ta 1,000 a 2022 mutane suka ɓarke cikin fili kamar an buɗe dam, sun je wasan ƙarshe sau uku da shi, ko ɗaya ba su ɗauka ba. Wanda ya fi ci min rai kuwa namu ne. Muna da Ben Brown, mai gashi kamar kan dawa, wanda in zai buga ƙwallo sai ya ja baya kamar zai koma gida. Shekara uku a jere yana cin sama da 60. Aka sallame shi a 2020 don a ba yara wuri, ya koma wata ƙungiyar daban mai suna Melbourne, shekara na zagayowa ya ɗauki kofi da su, kofin da suka shekara 57 suna nema. Mun kori namu tsohon, yanzu mun dawo muna aron na wani. Wannan ne har yanzu ban haɗiye ba.

Kai ma ai ba ka da bakin yi min dariya. Ina ganin hotunanka kana rawa don Ahmed Musa ya dawo Pillars, har ya zura biyu a wasansa na farko. Shi ma haihuwar 1992 ne, sa'an Darling. Ga Rabi'u Pele ya haura arba'in yana nan yana buga muku bugun tazara. In tsoho ba shi da amfani a gaba, ku fara sallamar naku mu gani. Bambancin kawai, ku mutuminku gida ya dawo, namu kuma ya kwaso iyali ne daga wancan gefen ƙasar, tafiyar awa huɗu a jirgi, don ya zo ya sha duka a ƙungiyar da ba ta cin wasa. Ko don wannan na fara jin tausayinsa. Mun san yadda ake barin gari da girma a zo a fara daga farko.

Zan faɗa maka wani abu amma kar ya kai majalisa. Makon jiya aka kira iyaye wasan rufe kaka na yara. Kocinsu ya ce ana neman uba dogo ya tsaya a gaba. Na tuna zamanin da nake lamba tara, na shiga. Ƙwallo ta taho sama, na yi tsalle, a zuciyata na kai bene, maman yara ta ce da ƙyar takarda za ta shige ƙarƙashin takalmina. Gwandar nan ta sauka a kan ɗan yatsana na tsakiya. Yau kwana tara yana ɗaure da ɗan'uwansa, da hannun hagu nake shan fura, wannan rubutun ma da yatsa biyu nake yin sa. Amma ka ji abin mamaki: da na tsaya a wurin, uba biyu suka manne min don sun ga tsawo, wani siririn mutum da ba wanda ya kula da shi ya ci uku. Tsohuwa tana bakin fili da kujerarta ta ninkewa, ba ta ce komai ba, ta dai ɗaga min kofin shayinta.

Yaron yanzu ya ce shi ɗan gaba zai zama. A bangon ɗakinsa akwai hoton Majak Daw, haifaffen Khartoum, wanda shi ne ɗan Sudan na farko da ya buga babbar gasar nan, kuma a rigarmu ya fara a 2013. Na ce masa ya ci tuwo tukuna. Hausarsa tana nan dai, yana ji sarai, amsawa ce sai ya ga dama. Ƙanwarsa kuwa ta haddace Tabbat, tana jiran ka kira ta karanta maka, ka shirya tukwici.

Nan sanyi ya fara sakinmu, an kuma tura agogo gaba, don haka tazararmu ta koma awa goma. Ka daina kirana bayan la'asar ɗinku, lokacin ƙarfe biyun dare ta wuce a nan. Na ji yadda mai ya haura naira dubu, Allah ya kawo sauƙi, ka faɗa min gaskiya in abin ya matse, kar ka yi min irin taurin kan nan naka. Kuma don Allah ka hana Kawu ba ɗan gidan Alhaji kilishi ya taho min da shi. A filin jirgin nan karnuka ne ke shinshina jaka, za su ƙwace su kuma ci yaron tara, ga kunya.

Akwai abin da ka tambaye ni, na san akwai. Na koma neman saƙon, ya nutse cikin hotunan sunan da ka turo guda tamanin. Ka sake turowa, a taƙaice wannan karon. Za a fara kaka a watan Maris, na riga na sabunta katin zama ɗan ƙungiya, ni da yaron da tsohuwa.

Ka gaida majalisa, ban da mai shayi sai ya biya.

Naka,
Lamba tara mai ritaya