Rahoton Kwamitin Gyara Kan Aikin Injin Zuƙe Ruwa a Besmen ɗin Masallaci

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam Liman, iyayenmu dattawa, iyayenmu mata, da sauran 'yan'uwa masu salla a wannan masallaci namu na Bronx da ke birnin Niyok a Amurka, amanar da kuka ɗora mana ta raba besmen, wato ɗakin ƙarƙashin ƙasa, da ruwa yau muka zo saukewa. An haƙa rami, an sa inji, an gwada shi a gaban shaidu, an kuma rufe takardun izini da hukumar gine-gine ta birni. Ga yadda abin ya gudana, har da wuraren da muka yi tuntuɓe.

Ba sai mun tuna wa kowa daren Laraba 1 ga Satumba 2021 ba. Ragowar guguwar Ida ta sauke ruwan da ma'aunin Central Park ya nuna inci 3.15 cikin awa guda, alhali yawancin kwatocin birnin an gina su ne don ɗaukar abin da bai kai inci 2 a awa ba. Mutum 13 suka rasu a cikin birnin Niyok, 11 daga cikinsu a ɗakunan besmen ruwa ya ritsa da su, galibi a Queens. Mu Allah Ya taƙaita mana, dukiya muka rasa ba rai ba: kafet, firiza, da littattafan yaran Islamiyya da ke cikin kwalaye a ƙasa. Muka kwashe, muka wanke, muka ce wannan irin ruwan sai a shekara ɗari ba a sake ganinsa ba. Shekara biyu kacal aka yi. Ranar Juma'a 29 ga Satumba 2023, tun da hantsi ruwa ya sake hawowa, iyayenmu mata da ke salla a ƙasa suka rasa inda za su tsaya. Bayan wannan Juma'ar aka kafa kwamitin nan.

Abu na farko da muka koya shi ne ruwan da ke shigo mana ba ɗaya ba ne, biyu ne, kuma maganinsu daban. Mai aikin famfon da muka ɗauko, dattijo ne mai lasisi, bai ma buɗe akwatin kayan aikinsa ba ranar farko. Tocila ya kunna ya bi gindin bango yana shafawa. Inda bango ya haɗu da daɓe ya lakato wani farin gari kamar kanwa ya nuna mana a yatsa. Ya ce wannan gishirin siminti ne da danshi ke fitowa da shi ya bari idan ya bushe, alamar ruwa ya daɗe yana tsattsafowa ta nan tun kafin mu san da shi.

Wannan shi ne ruwa na farko, ruwan cikin ƙasa. Idan ƙasa ta ƙoshi da ruwan sama ko dusar ƙanƙara ta narke, ruwan yakan taru a ƙarƙashin daɓe da bayan bango yana turi, duk inda ya samu 'yar kafa ya shigo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, namu bangon kuwa ya tsufa. Bronx kuma wuri ne da aka binne rafuka aka yi gini a kansu. Rafin Tibbetts da ke ratsa Van Cortlandt Park fiye da shekara ɗari ke nan da aka karkatar da shi cikin kwatar da ke ƙarƙashin Broadway, amma daren Ida kowa ya ga hoton motoci a nutse a kan babbar hanyar Major Deegan. Duk wanda ya san unguwannin da aka cike kududdufi aka yi gida a Kano ya san wannan labarin.

Na biyun shi ne mai muni. Kusan kashi 60 cikin 100 na birnin nan kwata ɗaya ce ke ɗaukar ruwan sama da ruwan banɗaki tare. Idan ta cika ta rasa inda za ta kai, sai ta juyo da baya ta ɓullo ta magudana mafi ƙasa a gida, wadda a wurinmu ita ce ta wurin alwala na besmen. Ruwan da ya canza launi da wari da najasa hukuncinsa sananne ne, shi ya sa Malam Liman ya ce a zubar da kafet ɗin kada a tsaya wanki. Injin zuƙe ruwa ba ya maganin wannan. Da mun sa inji kawai mun tafi, kamar yadda da yawanmu muka so a farko, da mun kashe kuɗin jama'a kuma najasa ta sake hawowa. Maganinsa bawul ne da ake sa wa babban bututun da ke fita zuwa titi: yana da murfi da ke barin ruwa ya fita, idan kuwa ruwa ya juyo daga waje sai ya rufe da kansa.

Akwai kuma wani abin kunya da ya gano mana a bayan gini. Indararon rufi a gindin bango yake zubar da ruwa. Inci ɗaya na ruwan sama a kan rufi mai faɗin ƙafa 1,000 murabba'i ya haura galan 600. Shekara da shekaru muna shayar da harsashin gininmu da hannunmu. Ƙara wa indararon tsawo shi ne aiki mafi araha a duk abin da muka yi, kuma tun kafin inji ya zo muka ga danshi ya ragu.

Takardu sun ci mana lokaci fiye da aikin kansa. Tun da ginin ya girmi 1987, sai da aka gwada tsoffin tayil ɗin ƙasa ko akwai asbestos, wato wani kayan gini na da mai cutar da huhu, a ciki kafin a yarda a fasa. Alhamdu lillahi babu.

Don gane inda ya fi kwari a ɗakin, buta aka cika aka tsiyaya a wurare huɗu ana bin ruwan da ido, duk ya gangara lungun ƙarƙashin matakala. Nan aka fasa kankare aka binne wani baho mai huji-huji, faɗin inci 18, zurfin inci 24, aka zagaye shi da tsakuwa. Aka kuma yanka 'yar hanya a gindin bangon baya da na gefe, aka shimfiɗa bututu mai huji cikin tsakuwa yana gangarowa zuwa bahon, aka mayar da siminti. Hikimar ita ce a ba ruwan hanya mai sauƙi tun yana ƙarƙashin daɓe, ya taru wuri ɗaya a kwashe shi. Injin mai ƙarfin rabin doki ne, gangar jikinsa ƙarfe, yana zama a cikin ruwa. Ɗan'uwan sumo ɗin rijiyar burtsatse ne da muka sani a gida, sai dai shi gajere ne, ba nisa yake kai ruwa ba, yawa yake kwasa, kuma yana jure ɗan laka. Bututun fita inci ɗaya da rabi ne, da ƙaramin bawul a jikinsa da ke hana ruwan da ya hau dawowa cikin rami idan inji ya tsaya. Ruwan yana ƙarewa a wani rami mai tsakuwa a ƙarshen filin baya, nesa da bangonmu da na maƙwabta. An ba bututun gangara don kada ruwa ya kwana a ciki ya daskare da hunturu. Wani ya kawo shawarar a sake shi kan hanyar masu tafiya a ƙasa a huta. Ba mu yarda ba, domin a watan Janairu ƙanƙara zai zama, wani ya zame ya karye, masallaci ya shiga kotu.

Inda aka fi ja-in-ja shi ne inji na biyu mai aiki da batir. Wasu suka ce ɓarnar kuɗi ce, nan Amurka ce, wuta ba ta tafiya. Amma ranar da aka fi buƙatar inji ita ce ranar hadari da iska, ranar da bishiya ke faɗa wa waya. Mu da muka tashi a inda ake ɗauke wuta da ganin hadari ya haɗo ba mu sha wahalar fahimtar wannan ba. An sa shi, yana zaune sama kaɗan da babban injin, ba ya tashi sai in wancan ya gaza ko ruwa ya fi ƙarfinsa. An haɗa masa ƙararrawa.

Yanzu ga laifuffukanmu. Kafin mu kira mai lasisi, mun sayo ƙaramin inji mai araha muka sa da kanmu a wani ɗan rami. Makunninsa ƙwallo ne mai igiya da ke yawo a saman ruwa. Ruwan farko da aka yi ƙwallon ya maƙale a jikin rami, inji bai ko motsa ba. Araha ba ta ado. Wannan kuɗin ya tafi, kuma shawarar kwamiti ce, ba ta mutum ɗaya ba. Na yanzu ƙwallonsa a jikin sanda yake hawa da sauka, ba shi da inda zai maƙale.

Na biyu ya faru ranar gwaji, a gaban dattawa. Yara suka jera bokitai daga famfo zuwa lungu. Bokiti na ɗaya, na biyu, na uku, ƙwallo yana ɗagowa a hankali, sai muka ji ƙas. Inji ya ɗauki gurnani, kowa ya leƙa, ruwa kuwa yana nan inda yake. Wani Alhaji ya dubi Ma'aji bai ce komai ba. Mai aikin ya dafa bututun, ya kashe wuta, ya ce iska ce ta toshe tsakanin inji da bawul, yaronsa ya manta bai huda bututu ba. Ya ɗauko abin huji ya yi wata 'yar ƙofa da ba ta kai kaurin fensir ba a ƙasan bawul, tana kallon cikin rami. Aka sake kunnawa. Wani siririn ruwa ya feso ta hujin, ramin ya zuƙe kafin mutum ya gama Fatiha, bawul ya rufe da ƙara tim, yaron da muka tsayar a bayan gida ya ƙwala kira cewa ruwa ya iso. Wanda duk ya buɗe murfi ya ga wannan feshin kada ya ce yoyo ne ya liƙe shi.

Na uku ba namu ba ne, amma mu muka bar ƙofarsa. Da azumi aka cire filogin inji aka jona tukunyar shayi, aka manta ba a mayar ba har kwana huɗu. Ba mu nemi sanin ko wane ne ba. Yanzu inji yana da layin wutarsa shi kaɗai, soket ɗin yana cikin akwati mai makulli, an kuma ƙara wa masu shayi soket biyu a kicin.

Maganar kuɗi: an tara su ne daga taimakon Juma'a, da gudummawar direbobin tasi, da wani kwasan adashi da iyayenmu mata suka sadaukar gaba ɗaya, Allah Ya saka musu da Aljanna. Matasa suka fitar da ɓaraguzan kankare da bokiti ta matakala, wanda da leburori za a biya. Injinan biyu ba su ne suka ci kuɗi ba. Fasa ƙasa da sa bawul ɗin babban bututu su suka kwashe mafi yawa. Lissafi dala-dala da rasit suna manne a allon sanarwa, mai tambaya ya samu Ma'aji bayan Isha'i. Abin da ya rage an ware shi don canjin batir. Mun kuma binciki inshorarmu muka tarar, kamar yawancin inshorar gini, ba ta ɗaukar ambaliya ko dawowar kwata sai an ƙara wani sashe daban. Wannan yana gaban shugabanni.

Abin da ya fi damun kwamiti shi ne kula. Inji ne da zai yi wata uku bai yi tari ba, mutum ya manta da shi, ranar da aka neme shi a tarar ya mutu tun tuni. Don haka kowace Asabar ta farkon wata za a buɗe murfi a zuba ruwa har ya tashi da kansa ya tsaya da kansa, sannan a cire filogin babban a sake zubawa a ga na batir ya karɓa, ƙararrawa ta yi kuka. A mayar da filogi kafin a bar wurin, a sa hannu a takardar da ke rataye a bango. Bayan wata uku-uku a kashe wuta a share tsakuwa da laka daga bakin da inji ke shan ruwa. Sau ɗaya a shekara a ciro shi gaba ɗaya a wanke ramin. Da sanyi a riƙa leƙa bakin bututu a waje ko ƙanƙara ta toshe shi. Bayan kowane babban ruwa a buɗe bawul ɗin kwata a duba, domin tsumman goge-goge ɗaya da aka jefa a masai ya isa ya hana murfinsa rufuwa. Batir yakan yi shekara 3 zuwa 5, inji kuma 7 zuwa 10; mun rubuta ranar da aka sa su a jikin murfi don kada na bayanmu su yi ta kirdado.

Kuma kada jin an sa inji ya ruɗi kowa. Ruwa irin na Ida, idan ya kwararo daga titi ta ƙofa da taga, ya fi ƙarfin injin rabin doki. Da zarar gargaɗin ambaliya ya shigo waya, malaman Islamiyya su hau da yara sama. Ba a kwana a besmen, ko da i'itikafi ne, ko da baƙo ne ya sauka. Idan an ga ruwa a ƙasa kada a taka shi sai an tabbatar an kashe wuta. Sannan lokacin da ruwa ke tsuga bawul yana rufe, wato ruwanmu ma ba shi da hanyar fita. A dakata da banɗaki da famfon alwala har ya lafa, in ba haka ba da namu ruwan za mu cika ɗakin.

Saura abu biyu ba mu yi ba: murfin tagar baya da ke daidai da ƙasa, da na'urar tsotse danshi don maganin fumfuna. Kafet kuwa mun ba da shawarar kada a sake mannawa, a bar tayil a riƙa shimfiɗa dardumar da za a iya naɗewa. Alƙur'anai da littattafai sun koma kan kanta, sama da ƙugun mutum.

Mutum huɗu suka ba da sunansu don duban wata-wata, muna neman ƙarin biyu, zai fi kyau masu zama kusa da za su iya fitowa cikin dare idan ƙararrawa ta tashi. Mai niyya ya same mu a lungun matakala Asabar mai zuwa bayan Azahar, za a nuna masa komai da hannu. Makullin akwatin soket ɗaya yana wurin Ladan, ɗaya wurin Sakatare.

Wassalamu alaikum.

Sakatare, a madadin Kwamitin Gyara