Katin da Na Tsinta a Aljihun Wandonka

Assalamu alaikum ɗana,

Yau kwana tara da komawarka makaranta, kwana bakwai daga ciki ban yi barcin kirki ba. Na ɗauki waya sau da yawa in kira ka, sai in tuna yadda muke ƙarewa ni da kai: ni ina ɗaga murya, kai kana "to Umma, to Umma", har mu ajiye waya ba a faɗi komai ba. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ranar Litinin ina haɗa kayan wankin da ka bari, na sa hannu a aljihun baƙin wandonka don in fitar da takardu kamar kullum, sai na ji wani abu ya soke ni a yatsa. Katin ƙwaya ne mai gurbi goma, bakwai an ɓalle, uku suna nan. Na juya bayansa na karanta: taramol, 225. A bakin gadonka na zauna da wandon a cinyata, ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, sai da ƙanwarka ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Na ce mata kaina ke ciwo.

Na san za ka ce na abokinka ne, ajiya ya ba ka. Allah ya sa haka ne. Amma tun da na ga katin nan abubuwa suke ta dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Ramar da ka yi wadda na ɗora wa karatu. Kwanon abincinka da ke dawowa kamar yadda aka kai shi. Hasken waya a ƙarƙashin ƙofarka ƙarfe uku na dare, sannan barci har azahar. Yawan sosa hannu da wuya. Tsawar da ka daka wa ƙanenka a kan caja, kai da ba a taɓa jin muryarka a gidan nan ba. Da Gwaggonka ta ja ni gefe ta faɗa mini abin da aka ce an gani, har faɗa na yi da ita, na ce ba dai ɗana ba. Jiya na je na ba ta haƙuri.

Shekara goma sha tara ina aikin jinya, don haka ba labarin kanzon kurege zan ba ka ba. Taramol magani ne na gaske, na ciwo mai tsanani, dangin mofin ne a aikinsa, wato maganin nan mai ƙarfi da ake kashe zafin ciwo da shi a asibiti. Wanda muke ba majinyaci bayan tiyata miligiram 50 ne ko 100, kuma babban mutum ma ba a yarda ya wuce 400 a yini ba. Na aljihunka 225 ne ƙwaya ɗaya. Biyu kawai ka haɗiya ka tsallake iyakar. Irin wannan ba daga hannun likita yake fitowa ba, kuma mai sayar da shi ma bai san ainihin abin da aka cusa a ciki ba. Tun 2017 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta hana a ba yaran da ba su kai shekara 12 ba taramol da kodin, ta kuma yi gargaɗi a kan wasu matasa, saboda yadda suke danne numfashi. Kodin ɗin da ake kurɓa a maganin tari, hanta ce ke mayar da shi mofin, kuma hantar wani ta fi ta wani sauri. Kwalbar da abokinka ya sha ya tashi yana dariya, kai tana iya kwantar da kai ba ka tashi ba. In aka haɗa su biyun, ko aka ɗora maganin barci a kai, numfashi yakan yi ta raguwa cikin barci, na kusa da mutum yana jin munshari yana tsammanin hutawa yake yi.

Amma ba wannan ne ke hana ni barci ba. Kawunka ne. Kana da shekara shida lokacin, aka tura ku maƙwabta, ba ka ga komai ba. Ni na gani. Na gan shi a ƙasa yana jijjiga, idanu sun kafe, kumfa da jini a baki don ya ciji harshensa, wani na ƙoƙarin cusa masa cokali, Inna tana salati tana kiran sunansa. Taramol yana jawo farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yin ta ba, musamman in aka sha da yawa, kuma ba ta yin sallama. Tana iya samun mutum a kan babur, ko a banɗaki ya kulle ƙofa, ko a bakin ruwa. Shi ma da "don in iya aiki" ya fara. Sauran ka sani, ka kuma san dalilin da ya sa Inna ba ta shiga wancan ɗakin har yau. Kai kuma kamarku ɗaya, har tafiyar. Wani lokaci in ka juya baya sai gabana ya faɗi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi, ni kuwa ba tsumma na gani ba.

Ka ba ni mamaki, wallahi ka ba ni mamaki. Me muka rage ka da shi? Aikin daren da nake yi, ina tsaye a kan 'ya'yan mutane har gari ya waye, don wa nake yi? Mahaifinka da ya haƙura da abin da ka san ya haƙura da shi don kada karatunka ya tsaya, da wane ido zan dube shi in faɗa masa? Kai da ƙannenka ke kwaikwayon har yadda kake ɗaura agogo. Ka zauna a gabana, ka kalli idona ka ce mura ce ke damunka, ni da nake gane mai shan abin nan tun daga ƙofar ɗakin jinya. Na gane na kowa, nawa ya shige mini.

To, na faɗa, zuciyata ta ɗan yi sanyi. Bari in faɗi nawa laifin. Na matsa maka a kan sakamakon jarrabawa. Da ka zo na huɗu ban ce sannu ba, cewa na yi su ukun kai biyu gare su? Ban yi don ƙi ba, tsoron kada ka tashi ba ka da abin riƙewa ne, kuma haka aka tashe ni. Amma na tuna daren da ka tsaya a ƙofar ɗakina ka ce, "Umma, ni fa ba na iya barci, ƙirjina yana yi mini nauyi." Ina ɗaura takalmi zan fita aiki, na ce ka yi addu'a ka ajiye waya. Addu'a gaskiya ce, ajiye waya ma gaskiya ne, sai dai kamata ya yi in zauna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin kowane yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, galibi damuwa da fargaba. Na san wannan a wurin aiki, na manta da shi a gida. In nauyin ƙirjin nan ne ya kai ka ga ƙwaya, ka sani ciwo ne mai magani, ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne.

Shekararka 17. Ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, kuma sashen gaba, mai auna abu kafin a aikata, shi ne na ƙarshen kammaluwa. Shi ya sa abin da aka saba mata da shi yanzu yake kama ta fiye da ta babba. A shekarunka barcin awa 8 zuwa 10 jiki yake nema. Karatun da aka yi da ƙwaya ido biyu ba ya zama, don cikin barci ƙwaƙwalwa ke adana abin da ta koya.

Ga abin da nake so da kai. In ka daɗe kana sha kullum, kada tsoron wasiƙar nan ya sa ka yanke lokaci ɗaya kai kaɗai. Jiki zai yi bore: gumi, ciwon gaɓoɓi, gudawa, rashin natsuwa, rashin barci, har ka ga gara ka koma. A hankali ake ragewa, a hannun likita. Kada ka haɗa shi da komai, kada ka hau babur, kada ka kulle ƙofa in za ka yi wanka. Ka faɗa wa abokin ɗakinka, in ya ga wani ya faɗi yana jijjiga, ya kawar da abin da zai ji masa ciwo, kada ya sa masa komai a baki, in ta lafa ya kwantar da shi ta gefe, a kai shi asibiti. In kuma mutum ya ƙi tashi daga barci, numfashinsa ya yi ƙasa, leɓɓansa sun canja launi, ba a jira gari ya waye.

Ban faɗa wa mahaifinka ba tukuna. Ba zan daɗe ina ɓoye masa ba, amma na fi so mu faɗa masa tare, ina zaune kusa da kai. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ba za a cire ka daga makaranta ba, ba kuma za a yi maka abin da aka yi wa Kawunka ba, wannan na yi alkawari.

Na karɓi hutun ranar Asabar, zan zo da safe. Akwai likitan da na yi wa magana, ban faɗi sunanka ba. Abu ɗaya nake roƙo kafin in iso: ka turo mini saƙo ka faɗa mini yaushe ka fara, da guda nawa a rana. Ko da lambobin kawai ne, zan gane. Ƙanwarka ta ce in gaishe ka, ta saka maka rigar sanyinka da ka manta a jakata.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare mini kai.

Mahaifiyarka