Godiya ga mai shagon da ya hana ni jakar da raina ya so

Zuwa ga Alhaji mai shagon jakunkuna na layin 'yan gwanjo a babbar kasuwar Sakkwato, da yaran shagonsa, da badukun da ke zama a bakin ƙofarsa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan iyali suna lafiya, kasuwa kuma tana albarka.

Alhaji, na san wannan takarda ba za ta yi maka daɗi ba. Ranar da na ce zan rubuta ta, hannu ka ɗaga ka ce in bari, ai ciniki aka yi, kowa ya karɓi nasa. To na ji, sunanka na bar shi. Amma maganar kam ba za ta baru ba, tunda yabon gwani ya zama dole, kuma akwai 'yan uwana mafarauta da ke zubar da kuɗinsu kowace shekara a kan jakar da ba ta kai su ko'ina.

Ni malamin makaranta ne, farauta kuwa gado na yi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai san wata jakar goyo ba. Burgaminsa na fatar akuya yake ratayawa, ya sa albarushi da ƙuli-ƙuli da 'yar wuƙarsa, ya fita da asuba ya dawo kafin magariba, domin a lokacinsa daji yana nan bayan gari. Yanzu gonaki sun cinye wurin. Gabas kuma, wajen Gundumi da Isa da Sabon Birni, babu mai hankalin da zai shiga da sunan neman zomo, kowa ya san dalili. Sai muka koma yamma da kudu, ɓangaren Yabo da Shagari har Tambuwal, mota ta sauke mu, mu taka da ƙafa, mu kwana biyu ko uku. Wanda zai kwana uku a daji kuwa burgami ya yi masa kaɗan.

Bara na sayi wata jaka ta hanyar wayar salula, a hannun wani da ban taɓa gani ba. A hoto kamar ta ɗauki raƙumi. Da ta iso sai na ga jakar 'yan makaranta ce aka ƙara wa aljihuna. A rana ta biyu igiyar kafaɗar dama ta tsinke daga gindi, na ƙarasa tafiyar da kaya a ka kamar mai tallan fura, abokan tafiya suna ta tsiya. Sati guda na yi hannuna yana mini tsami, ko alli da ƙyar nake riƙewa a aji.

Da wannan haushin na shigo shagonka bayan an gama kaka. Idona ya faɗa kan wata ƙatuwa da ke rataye can sama, mai launin kakin soja, aljihu ko'ina. Na ce a sauko mini da ita, ko tayi ban yi niyyar yi ba. Kai kuwa ba ka ko motsa ba. Cewa ka yi, "Malam, ina za ka da ita? Kwana nawa kaka yi? Ruwa kaka ɗauka, ko akwai rijiya kusa?" Na amsa maka ɗaya bayan ɗaya, ina ɗan ƙosawa. Da na gama sai ka girgiza kai ka ce, "Wagga jikka ba taka ta ba."

Gaskiya na ji zafi a lokacin. Na zaci kallon marar kuɗi kake mini. Ashe ita ce mafi tsada a shagon, kuma kai ne kake ture cinikin da hannunka.

Dalilinka na farko ko a mafarki bai zo mini ba. Ka ce mutum ya fito daga daji da bindiga a kafaɗa da jaka mai launin kakin soja a baya, ya iso shingen jami'an tsaro a wannan zamani, me yake so a ɗauke shi? Sojoji sun sha gargaɗin farar hula a kan sanya irin kayansu. Ko ba jami'i ba, ɗan ƙauyen da ya hango ka daga nesa ba zai tsaya tambaya ba. Sai da jikina ya yi sanyi. Na biyu kuma girmanta: lita 90 take ci, kuma ka ce duk jakar da ke da fili sai mai ita ya cika ta, ko da tarkacen da ba zai taɓa ba har ya dawo. Mai kwana uku a rani, wanda ba tanti yake ɗauka ba, lita 50 zuwa 60 ta ishe shi.

Daga nan aka zo abin da ya sa nake wannan rubutu. Ka sa yaronka ya ɗauko tef irin na tela. Ka ce in sunkuyar da kai, ka laluba ƙashin nan da ke tasowa a ƙasan ƙeya, ka sa yatsa a kai. Ka ce in dafa ƙuguna da hannu biyu, a saman ƙashin kwankwaso. Tsakanin wuraren biyu aka auna, aka sami inci 18. Shekarata hamsin da ɗoriya, ban taɓa sanin jaka tana da awo kamar riga ba. Ka yi mini bayani cewa tsayin mutum ba shi ne abin dubawa ba, wani dogo ne amma duk tsayin a ƙafa yake, bayansa gajere. In jaka ta fi baya tsayi, ɗamararta sai ta zame ƙasa; in ta gaza, nauyin duka ya koma kafaɗa. Alhali ƙugu ne ya kamata ya ɗauki mafi yawan nauyin, kafaɗa aikinta kawai ta hana jakar rinjaya baya. Nan take na tuna matanmu na ƙauye, yadda suke goya yaro su ɗaure zane, su yi daka su yi surfe ba su gaji ba. Ashe abin da Turawa suka ɗinka ke nan suka sa masa soso.

Wadda ka zaɓo mini ta gwanjo ce, ruwan ƙasa, ta ɗan koɗe a gefe ɗaya. Ka zuge bayanta ka nuna mini sanduna biyu na alminiyam da ke ciki, ka ce su ne ƙashin bayanta, su ke sauke nauyi zuwa ɗamara. Ka juya ta ciki waje ka nuna mini ɗinkin gindin igiyoyi, inda tawa ta bara ta ci amanata, ka ce in ja da duk ƙarfina. Na ja. Ko gezau.

Ban manta da ledar fiya wata ba. Ka aika aka sayo leda guda, ƙulli ashirin na rabin lita, kilo goma cif, tunda lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Aka zura ta a jakar, aka ƙara wasu tsofaffin barguna. Ka ce ɗamara ake fara ɗaurewa, sannan a ja igiyoyin kafaɗa, sannan 'yan ƙananan nan biyu na saman kafaɗa masu janyo kan jakar kusa da jiki, ta ƙirji ita ce ta ƙarshe. Sai ka ce in zagaya kasuwa in dawo. Na bi ta 'yan atamfa na ɓullo ta 'yan takalma, mutane suna kallona kamar sabon mahaukaci, wani ɗalibina ma ya durƙusa ya gaishe ni yana danne dariya. Da na dawo ka zura yatsa biyu tsakanin kafaɗata da igiyar, suka shige ba wuya. Ka ce, "Awo, yanzu ta zamna." Sa'an nan ka tambayi nauyina, na ce kilo 70, ka ce in yi ƙoƙari kada kayan su wuce kashi ɗaya cikin biyar, wato kilo 14. Ruwa kaɗai zai ci shida. Sauran takwas ɗin su ne na bargo da gari da buta da tocila da komai da komai. A ranar na san adda biyu da nake ɗauka son zuciya ne.

Akwai ƙananan abubuwa da sai wanda ya san dajinmu zai lura da su. Wata jakar da na taɓa, mai raga a gefe da laushi kamar bargo, ka ce in rabu da ita, ƙarangiya za ta mayar da ita bushiya kafin azahar, ƙaya kuma ta yage ragar. Wata kuma yadinta mai ƙara ne, ka goga farce a kai ka ce in saurara, zabon daji zai ji wannan tun kafin in gan shi. Zif kuwa ka ce manyan haƙora ake nema, domin ƙurar hunturu tana cushe ƙanana, in ya fara cijewa a goga masa kyandir.

Baba baduku, kai ma ga taka godiyar. Kai ka cire maƙallan nan masu mannewa da ke yin ƙara in an ɓantare su, ka sa maɓallan fata a madadinsu. Ka shimfiɗa wa gindin jakar jar fata don kada dutse ya ci ta, ka yi wa wuƙata mazauni a ɗamara inda hannu zai kai ba sai na sauke kaya ba. Ina kallon yadda basilla ke shiga tana fita, kana hira ko duban hannunka ba ka yi. Fatar jar akuyarmu ce fa da fatake suka riƙa ketara Sahara da ita har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce. Ga shi yau ta haɗu da yadin Turai a bayana. Kuma kai ne ka ce kada in kuskura in rufe nama a leda cikin jaka da zafin nan namu, in sa shi a buhun yadi in ɗaure ta waje ya sha iska. Ka ƙara mini madauri biyu saboda haka.

Mun fita cikin sanyin Janairu, mu bakwai da karnuka huɗu. Kwana uku. Abu mai nauyi, wato ruwa, na jera shi manne da bayana a tsakiya kamar yadda ka ce, bargo a ƙasa, abin da hannu ke yawan nema a sama. A rana ta biyu muka sauka wani kwazazzabo mai tsakuwa, inda bara da na yi ta tangaɗi. Bana jakar ko girgiza ba ta yi ba, kamar a jikina aka halicce ta. Da dare da muka sauke kaya, ƙanena yana ta murza kafaɗa yana neman man zafi, ni kuwa na yi sallar isha'i na miƙe a kan bargo sai barci. Abin da aka samu ba yawa, zabi biyar da zomaye uku da 'yan fakara, daji ya yi ƙaranci. Amma na dawo Litinin na shiga aji na rubuta allo tun daga sama har ƙasa.

Don kada a ce duk zuma na zuba, ga ɗan ƙorafi. Aljihun gefe ya yi wa gorar ruwata kaɗan, sai na tura da ƙarfi. Shagon nan kuma, Alhaji, a taimaka a ƙara fitila, mutum ba ya bambance baƙi da shuɗi sai ya fito da kaya waje. Kuɗin ma ba zan ce araha ba ne, ko da yake bai kai rabin na waccan mai kakin soja ba, wadda na ga har yanzu tana nan rataye.

Allah ya ƙara buɗi, ya albarkaci zuri'a, ya sa a gama lafiya. Zabi biyun da na aiko, ɗaya naka ne ɗaya na Baba baduku, yaran shago su yi haƙuri sai fita ta gaba. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan zo da ƙanen nan nawa mai ciwon kafaɗa, da gorar don a buɗa aljihun. A ajiye tef kusa, shi dogo ne, kuma na lura duk tsayin nasa a ƙafa yake.

Wassalam.

Naka,
Malamin makaranta mai farauta, daga Sakkwato.