Wasiƙa daga Nashbil kan dokar ƙarin darasi

Assalamu alaikum, aminina Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya tare da iyali, kuma aikin koyarwa yana tafiya daidai. Ka tambaye ni yadda jihar Tenesi ta Amurka, inda birnin Nashbil yake, ta ɓullo wa koma bayan da yara suka samu lokacin da annobar korona ta rufe makarantu.

A watan Janairu na 2021 Gwamna Bill Lee ya kira zama na musamman na majalisar dokokin jihar, aka zartar da dokar da ta kafa shirin ƙarin darasi mai suna TN ALL Corps. Lesin ne irin wanda muka sani a gida, sai dai gwamnati ce ke biya, kuma an yi masa ƙa'ida: malami ɗaya da yara uku a firamare, huɗu a aji 6 zuwa 8, sau biyu ko uku a mako, kowane zama minti 30 zuwa 45. Na leƙa makarantar ɗana na ga wata malama a kusurwar ɗakin karatu da yara uku a gaban ƙaramin tebur, yarinya ɗaya tana bin layi da yatsa tana haɗa baƙi da wasali, malamar kuwa ba ta wuce kalma ba sai da ukun suka karanta ta. Kai da kake da aji cike maƙil ka fi ni sanin abin da wannan yake nufi ga yaron da ke ɓuya a bayan aji.

Inda nake da ja shi ne sharaɗin da aka haɗa da shi. Tun daga zangon karatu na 2022 zuwa 2023, ɗan aji uku da bai kai matakin karatu a jarrabawar jiha ba, dole ya shiga darasin hutun bazara ko ƙarin darasi a aji huɗu, ko duka biyun idan makinsa ya yi ƙasa sosai, in ba haka ba ya maimaita aji. Ban ji daɗin ɗora wa yaro mai shekara takwas wannan fargaba a kan jarrabawa guda ba.

Babbar damuwata kuwa kuɗi ce. Shirin ya dogara sosai da tallafin gwamnatin tarayya, ciki har da kimanin dala biliyan 122 da aka ware wa makarantun Amurka a watan Maris na 2021, wa'adin tsara kashe su kuma ya ƙare a Satumba 2024. Jihar ta sanya kuɗin ƙarin darasin 'yan aji huɗu cikin tsarin rabon kuɗin makarantu na TISA da ta zartar a 2022, amma sauran azuzuwa sai yadda kowace gunduma ta iya.

Ka rubuto mini ko malamai a wurinku za su yarda da ware rabin awa cikin lokacin karatu domin yara uku kacal. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka amini.