A dawo mana da guraben sulke, a sa wa ƙarfi iyaka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan wata gardama da ta daɗe a tsakaninmu masu buga gem, wato wasannin bidiyo, musamman irin wasannin da mutum ke ƙirƙirar jaruminsa, ya raine shi tun yana tsirara har ya zama barde. Gardamar a kan kayan yaƙi ce: gurbi nawa ya kamata a bar wa ɗan wasa ya sa abin da ya ga dama a jikin jaruminsa? Wasu abokaina sun tsaya kai da fata cewa rage guraben shi ne alheri, wai yawansu ne ke sa jarumi ya fi ƙarfin wasan. Ni ban yarda ba, kuma ina da dalili.

Duk wanda ya bi wasannin The Elder Scrolls na kamfanin Bethesda ya ga yadda abin ya yi ta ƙanƙancewa. A Morrowind, wanda ya fito a 2002, sulke kashi tara ne: kwalkwali, rigar ƙirji, makarin kafaɗar dama da na hagu kowanne daban, safar hannun dama da ta hagu, makarin cinya, takalmi, sai garkuwa. Kana iya sa riga da wando a ƙarƙashi, ka ɗora alkyabba a sama, ka ɗaura ɗamara, ka sa zobe biyu da abin wuya. Na taɓa yin kwanaki ina yawo da makarin kafaɗa guda ɗaya na ƙashi, ɗaya kafaɗar a buɗe, domin shi kaɗai na tsinta a wani kogo. Duk wanda ya dubi jarumin nan zai san inda ya biyo da irin wuyar da ya sha. Da Oblivion ya zo a 2006 sai aka haɗe makaran kafaɗa da rigar ƙirji, safar hannu ta koma abu ɗaya, guraben suka zama shida. A Skyrim na 2011 aka sake haɗe riga da makarin cinya, suka koma biyar, zobe ma aka bar mana ɗaya tak.

Abin da masu goyon bayan ragewa suka fi kafa hujja da shi, na san shi sarai, domin ni ma na aikata. A Oblivion akwai sihirin hawainiya, wato irin layar zanan nan tamu. Idan ka ɗaura wa kaya biyar kashi 20 cikin ɗari kowanne, ka cika ɗari ke nan, babu maƙiyin da zai ƙara ganinka. Sai ka tsaya a gaban dodo kana saransa, shi kuwa yana dube-dube. Ranar farko na ji daɗi ƙwarai. Kafin mako ya zagayo wasan ya mutu a hannuna, babu tsoro, babu dabara, sai na tuɓe kayan na zuba a akwati. Saboda haka ba na cikin masu cewa daidaito, wato hana jarumi fin ƙarfin wasan, ba shi da amfani tunda mutum shi kaɗai yake buga abinsa. Wasan da ba za a iya kayar da kai a cikinsa ba ya tashi daga wasa.

Amma fa a duba da kyau, laifin na guraben ne? Laifin na lissafi ne, da aka bar ƙarfi yana taruwa har ɗari ba tare da an tare shi ba. Shaida kuwa ita ce Skyrim, mai guraben da aka rage. A can, ƙwararren mai ɗaura sihiri zai sa wa kaya huɗu ragin kashi 25 kowanne na ƙarfin da jefa sihiri ke cinyewa, sai ya riƙa jefa wuta da ƙanƙara kyauta har abada. Akwai kuma zagayen nan da kowa ya sani, na haɗa magani a ƙarfafa kaya, a sa kayan a haɗa maganin da ya fi na baya, har a ƙera takobin da ke kashe komai da sara ɗaya. An ƙwace mana makarin kafaɗa da na cinya, ɓarakar kuma tana nan. Su kansu waɗanda suka ƙirƙiri wasan, da suke bayanin haɗe riga da makarin cinya, maganar kyan zane suka yi da sauƙin nuna mutane da yawa a allo lokaci guda. Wannan dalili ne mai ƙarfi, na karɓa, amma ba daidaito ba ne, kada a rikita su.

Kuma a cikin Skyrim ɗin ma akwai maganin wannan ɓaraka, wato sa wa ƙarfi iyaka, an dai yi amfani da shi a wani wuri an bar wani. Komai kaurin sulkenka ba zai tare fiye da kashi 80 na sara ba, kariya daga sihiri kuma tana tsayawa a 85. Me ya hana a yi wa sauran haka?

Hanya ta biyu ita ce a sa wa kowane kaya farashi. Wasan Elden Ring na 2022 ya yi wannan da nauyi: idan kayanka suka haura kashi 70 na abin da jaruminka ke iya ɗauka, mirginawarka ta zama ta mai ɗauke da buhu, maƙiyi ya same ka kafin ka miƙe. Wanda ya taɓa kallon 'yan lifida a hawan sallah ya san wannan ba ƙirƙira ba ce, dokin da aka lulluɓe da lifidi ba shi ake sukuwa da shi ba. A wasan tebur na Dungeons & Dragons kuma, bugun 2014 ya ce manyan kayan sihiri uku kaɗai za su yi maka aiki a lokaci guda, ko da ka tara goma. Ka sa abin da kake so, ƙarfin ne aka ƙayyade. Wasan World of Warcraft ya bi ta wata ƙofar tun 2011, ya raba kamannin kaya da ƙarfinsu, ko da yake ni wannan bai cika burge ni ba, domin na fi son abin da ido ya gani ya zama shi ne gaskiyar abin da ke jiki.

Bethesda da kansu sun nuna za a iya, domin a Fallout 4 na 2015 sun dawo da makarin hannu da na ƙafa, dama da hagu kowanne daban, a kan rigar ciki. Tun 2018 suka sanar da The Elder Scrolls na shida, muna nan muna jira. Fatana su ba mu tara ɗin nan na Morrowind, su sa wa kowane sihiri iyakar da ba ya wucewa, su kuma sa nauyi ya riƙa cizo.

Na gode da ba ni wannan dama, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya